Ranar da Na Goya 'Yar Tanis

Ina da shekara sittin da uku na sauka a Kanada, wanda ya yi alkawarin tarbata kuwa ko ƙeyarsa ban gani ba.

Ba a nan na fara fita ba. A Wusasa na koyi jinya da karɓar haihuwa. Na yi shekara shida a wani asibiti a Jidda, na yi kwas a Ingila, na zauna Yamai lokacin da aiki ya kai maigidana can, Allah ya jiƙansa. Fulatanci a bakin mahaifiyata na same shi, Larabci da Turanci a wurin aiki, Faransanci kuma na iya wanda ya ishe ni ciniki da faɗa. Shi ya sa da 'ya'yana suka taru a gidanmu na Limancin Kona suna cewa in zauna in huta, dariya na yi musu. Wani ɗan ƙasarmu mazaunin can ne ya ce akwai wata tsohuwa Balarabiya da 'ya'yanta ke nema wa mai jinya ta wata shida, wadda ke jin Larabci. Tun ina gida na ba shi la'adarsa.

Daga hantsi har la'asar ina zaune a filin jirgin, akwati biyu a gabana, ɗaya rabinsa garin kunu ne da kanwa da kuka. Lambarsa a kashe. Na samu lungu na yi salla. Ina sallamewa sai ga wata mai shara tsaye a kaina, ta yi mini sallama da Larabcin Sudan. Sunanta Ni'imat. Na nuna mata takardar da ke hannuna, ta buga lambar gidan tsohuwar da wayarta, ta saurara, sai na ga ta sunkuyar da kai.

"Hajja, matar nan wata biyu ke nan da rasuwarta. Sun ce tun ranar suka gaya masa."

Ban yi kuka ba. Kunya ce ta rufe ni, irin ta wanda ya gama cika baki a gaban 'ya'yansa. Ni'imat ba ta ƙara tambayata komai ba, ta ce in jira ta tashi aiki. Da muka fita jiran bas ta cire safar hannunta ta ba ni, ta cusa nata hannayen a hammata.

Mako uku na yi a kan doguwar kujerar falonta. Matan masallacinsu suka yi ta shige da fice har suka samo mini wani dattijo ɗan Labanan mai shanyewar ɓarin jiki, ina zuwa wurinsa da yamma kwana huɗu a mako. Da haka na kama ɗaki a wani tsohon bene a arewacin garin, hawa na uku. Nan ne zangona mafi tsawo a ƙasar.

Na san sanyin Ingila, mai jiƙa mutum ya bi shi har ƙashi. Wannan ba ya jiƙa ka. Rana fes a sama, ƙanƙara fari fat a ƙasa, kana fita gashin hancinka ya daskare. Amma ba sanyin ya fi damuna ba, ba kuma tuwo na fi kewa ba. Gaisuwa ce. A unguwarmu daga zaure zuwa bakin titi sai ka amsa gaisuwar mutum goma, wani ya tambayi ƙafarka, wata ta tambayi jikanka mai tari. A benen nan sai in haɗu da mutum a matakala, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya kalli bango. Ni dai ban fasa ba. Kowa na gani sai na gaishe shi, ya amsa ko kada ya amsa.

Duk ranar Juma'a yayata Asabe ke kirana, ita ce babbar gidanmu yanzu.

"Ke Rakiya, an ce garin naku ko kare sai da riga?"

"Har da takalmi, Yaya."

"To ke da kika je wa tsohuwa kika tarar ta riga ki tafiya, me kuma kike jira? Ko wani Bature kika gano?"

"Wanda na gano ko cokali ba ya iya ɗagawa."

"Daidai ke ke nan. Ki dawo gida, ƙafar yawo."

A matakalar nan na fara ganin Tanis. Tana hawa da kwali a hannu, tana hutawa kowane taki biyar, ciki ya kai wata bakwai. Aikin shekara arba'in bai bar ni na fara kallon fuskarta ba, ƙafarta na kalla.

"'Yata, ƙafar nan ta kumbura. Yaushe rabon da a auna jininki?"

Ta ƙame, ta rungume kwalin a kan cikinta. "Daga ofis aka turo ki?"

"Wane ofis? Daga Zariya nake."

Ta dube ni sama da ƙasa, zane a kan wandon sanyi, mayafi a kan hular ulu, sai dariya ta ƙwace mata. Na karɓi kwalin. Ashe ƙofarta na kallon tawa.

Tanis 'yar asalin ƙasar ce, cikin mutanen da Turawa suka tarar a can. Garinsu na can ƙurya arewa, bakin wani tafki, inda yawancin shekara sai jirgin sama ke zuwa. Shekarunta ashirin da huɗu. Mijinta Jo yana aikin hanya a nesa, sai bayan mako uku yake leƙowa. Ba ta da yawan magana, in tana yi kuma ba ta kallon idon babba. Tun a nan na ji kamar na san ta, don tarbiyyar gidanmu ke nan, wadda a Ingila suka ɗauka alamar rashin gaskiya ce. Na riƙa auna mata jini da abin awona, ita kuma ta koya mini tafiya a kan ƙanƙara, taki gajere kamar na agwagwa.

Sai da muka yi wata guda muna shan shayi tare sannan ta gaya mini wane ofis take nufi. Wannan ba cikinta na fari ba ne. Shekara uku da suka wuce ta haifi 'ya mace a garin nan, lokacin ba ta da ɗaki, yau ta kwana gidan wannan, gobe gidan wancan. Kwana biyu da haihuwa mutanen ofishin kula da yara suka shigo da takarda da kwandon ɗaukar jariri. Suka ce ba ta da inda za ta kwantar da ita. Yarinyar na hannun wasu mutane, sau ɗaya a wata take ganinta, a ɗakin ofis, ga mai sa ido a zaune.

"Na fita asibitin nono na zuba," in ji ta, "hannuna ba komai."

Sunanta na cikin fayil ɗinsu. Sun riga sun aiko mata cewa in ta haihu za su riƙa zuwa dubawa, abin da suka gani shi zai yanke ko a bar mata wannan ko a ɗauke. Duk abin da Tanis ke yi a watannin nan, daga goge ƙasa har jera gwangwanaye a kabad, don abu ɗaya ne: ta fito da jaririnta, kuma ya zauna a hannunta.

Ɗakin kuwa ga yadda aka yi ta same shi. Akwai wata ƙungiya ta matan mutanensu da ke ba mai ciki kuɗi duk farkon wata, tun daga goyon ciki har yaro ya yi wayo. Ba rance ba ne, ba ladan aiki ba ne, ba kuma mai zuwa ya ce nuna mana abin da kika saya. Da shi ta kama ɗakin, da shi ta ajiye aikin gyaran gadaje a otal da ke sa ta wuni a tsaye. Ta sayi gadon jariri, ta sayi firiji na hannu don naman dawa da kawunta ke aiko mata. Mai zagayowa gaishe su daga ƙungiyar wata dattijuwa ce, Agnes, gajera, furfura a kitse gida biyu, tana dogara sandar ƙarfe. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Ranar da muka fara haɗuwa ban ɓoye mata shakkata ba.

"Kuɗi haka kawai, ba sharaɗi? A Ingila na ga mace ta wuni cike takardu kafin a ba ta madarar jariri. In wata ta kashe a banza fa?"

"An daɗe ana ba mu abu da sharaɗi," ta ce. "Mun ga inda ya kai mu. Ku a garinku in mace ta haihu me ake yi mata?"

Na shiga ba ta labari. Ciki ya tsufa a mai da ita gidan iyayenta. Itacen wanka tun kafin haihuwa an tara. Kunun kanwa, ƙauri, 'yan barka kowacce da abin da ta riƙo, sabulu, turmin atamfa, wata ta tura nata ƙarƙashin filo ba wanda ya gani. Kwana arba'in ko tsintsiya ba ta ɗagawa.

"Wa ke zuwa ya tambaye ta yadda ta yi da sabulun?"

"Tambaya? Ai abin kunya ne."

"To kin gani. Mu ma haka muke kafin a watsa mana gidaje. Kuɗin nan dangi ne, ta banki kawai suke zuwa."

Na tuna matan 'yan ci-rani da na karɓi haihuwarsu a bayan ganuwa, waɗanda ba su da mai tara musu itace, kwana uku da haihuwa ka gan su a bakin titi da faranti a ka. Ban taɓa tambayar kaina wa ke tsaya musu a madadin dangi ba.

Haihuwar ta zo da sauƙi. Mace. Suka sa mata Rosi, sunan mahaifiyar Tanis. Ni da Agnes muka riƙa karɓar juna a ƙofar ɗakin asibitin kamar masu gadi. Ma'aikaciyar ofis ta zo, wata matashiyar Baturiya mai gajiya a ido, ta duba takardar haya, ta yi rubutu, ta ce za ta zo gida ƙarshen wata. Tanis ta fito da 'yarta a ƙirji. Har muka isa gida ko Jo ba ta bari ya karɓe ta ba.

Jo ya yi kwana biyar ya koma aiki, na ɗauki jegon a kaina. Ta ba ni makullin ɗakinta. Kullum da safe in dama kunun kanwa in kai mata. Ranar farko ta yamutsa fuska, ta uku ta shanye tas. Wankan ganye da tafasasshen ruwa kam ban yi mata ba, tun ina aiki nake faɗa da tsofaffin unguwarmu a kansa, amma na gasa mata jiki da tawul. Abu ɗaya ya gagare ni, barci. Tanis ba ta barci. Ta kwanta hannunta ɗaya cikin gadon jaririyar, motsi kaɗan ta zabura. Idanunta suka faɗa, har ta fara ajiye cokali a firiji.

Rana ta goma sha biyu, wajen ƙarfe goma na safe, na buɗe ƙofa da kofin kunu na tarar barci ya sace ta. A zaune ma, kai a jikin bango, baki a buɗe. Rosi kuma ta fara mutsu-mutsu, tana shirin tsala kuka.

Ban yi tunani ba. Gaskiyar magana ke nan, kuma shi ne laifina. A gidanmu in maijego ta samu barci, tsohuwar da ke kusa ce ke sunkutar jariri ta fita da shi. Ba a tashinta, ba a tambaya, wanda ya tashe ta ma faɗa zai sha. Na yi haka ga 'ya'yan ƙannena da na maƙwabta ba adadi. Na ɗauki Rosi, cibiya ta riga ta warke, na goya ta a hankali, na tallafe wuyan da majanyi. Ta yi luf. Na ga wanki ya taru, na ce bari in rage mata. Na kwasa a baho, na ja ƙofa, na sauka ɗakin wanki da ke ƙarƙashin benen. Wayata a sama na bar ta. Injuna na ruri, ɗakin da ɗumi, ina jijjiga ta ina yi mata 'yan surutan da mahaifiyata ke yi wa jarirai da Fulatanci. Rabona da jin daɗi irin na wannan sa'ar tun ina Zariya.

Na san labarin 'yarta ta fari, da kunnena na ji. Amma a raina masu ɗauke yaro su ne masu takarda da kwando. Ban taɓa sa kaina a cikinsu ba.

Da na hawo na tarar da ƙofar benen a wangame, iska na kwararowa, motar 'yan sanda a waje. Tanis na tsaye a kan ƙanƙara ba takalmi, da rigar barci, murya ta dishe, wata 'yar sanda na riƙe da ita. Ashe ta farka ta ga gado ba kowa. Ta buga ƙofata ba amsa, ta bi hawa uku tana dukan ƙofofi, ta fita titi tana kiran sunan 'yarta, wani maƙwabci ya kira 'yan sanda.

Na juya mata bayana don ta gani. Sai na ji bakina na cewa, "Ga ta nan, barci take."

Ba ta yi mini ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zo ta kwance zanen, ta ɗauki 'yarta, ta wuce ni ta hau sama. 'Yan sandan suka yi mini tambayoyi cikin ladabi, suka rubuta, suka tafi.

Washegari Agnes ta ƙwanƙwasa ƙofata da sandarta. Ta zauna ba ta cire kwat ba. Ta ce rahoto ya isa ofis: uwa ba ta san inda jaririyarta take ba kusan sa'a guda, an same ta a titi ba cikin hayyacinta ba. Ma'aikaciyar ba za ta jira ƙarshen wata ba, ranar Litinin za ta zo.

"Gaya mini me ya sa," ta ce.

Na gaya mata. Na ce a wurinmu ɗa na kowa ne. Ni kaina da aka yaye ni gwaggona aka ba, a ɗakinta na girma. 'Yata ta fari mahaifiyata ce ta riƙe ta har aure. Ba mu ɗauke shi rabuwa ba, girmamawa ce.

"Da aka kai ki wurin gwaggon, uwarki ta san gidan?"

"Gida uku ne tsakani. Kullum sai ta aiko mini da ɗumame."

"Da kika ba da taki, ke kika miƙa ta?"

"Ni na haɗa mata kaya."

Ta gyaɗa kai. "Mu ma muna da wannan, kakata ta riƙi yaran dangi ba iyaka. Amma ni ina shekara shida mahaifiyata ta tafi duba tarunta a tafki da safe. Ta dawo ta tarar ba ni, ba yayana. Jirgi ya zo ya kwashi yaran garin zuwa makarantar kwana. Aka aske mana kai, aka hana mu harshenmu. Da na dawo na girma, ina gaishe ta da Turanci tana kallona. Yayana bai dawo ba." Ta jujjuya sandar a hannunta. "Ba wata mace a cikinmu da za ta farka ta ga shimfiɗa ba kowa ta ce, wata tsohuwar kirki ce ta ɗauka. Wannan tunanin an cire mana shi."

Na zagaya ƙasashe, ina taƙama da cewa duk inda na je nakan karanci mutane kafin in miƙa hannu. A Ingila na koyi ba a taɓa cikin mace sai an nemi izini, a Jidda na koyi wa ake fara yi wa albishir. Sai ga shi abin da na fi iyawa, wanda hannuna ke yi ba sai na umarce shi ba, shi ya kai yarinyar nan bakin rami.

"Yaya Agnes, me zan yi?"

"Litinin, ƙarfe sha ɗaya. Ban ce ki zo ba. Ita ma ba ta ce ba."

Na tura makullin ta ƙarƙashin ƙofarta. Kullum in ajiye kunu a bakin ƙofar, in dawo in tarar ya yi sanyi. Ni'imat ta ce, "Hajja, ke baƙuwa ce. Kada ki kai kanki bakin hukuma, ki yi shiru abin ya wuce." Ranar Juma'a na gaya wa Yaya Asabe, ta kasa ganewa.

"Don kin goya jariri? Ba godiya za ta yi miki ba?"

"Yaya, ba haka abin yake a nan ba."

"To wane irin gari ne wannan, da ake kira wa goyo ɗan sanda?"

Kwana huɗu da suka wuce ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Ranar Litinin na ɗaura atamfata mai kyau, na ɗauko takardun aikina a leda. Na tsaya har na ji muryar ma'aikaciyar a ciki, sannan na ƙwanƙwasa. Agnes ta buɗe. Tanis na zaune bakin gado, Rosi a ƙirjinta, ba ta ɗago ba. Ɗakin ƙal, ko'ina an goge.

Na ce, "Ni ce na ɗauki yarinyar. Sunana Rakiya, ungozoma ce ni, ga takarduna."

Ma'aikaciyar ta duba su sama-sama. "Uwar ta ba ki izini?"

"Ba ta ba ni ba. Barci take, na farko cikin kwana goma sha biyu. Na shiga da makullin da ta ba ni don kawo abinci."

"Kin san yadda ake kiran wannan a dokar ƙasar nan?"

"Yanzu na sani. In akwai sunan da za a rubuta, nawa ne." Na dubi ma'aikaciyar ido da ido. "'Yata, na karɓi haihuwa a ƙasa uku. Na ga uwar da aka ɗauki jaririnta tun safe har la'asar ba ta tambaya ba. Wannan ita ake wa tsoro. Wadda ta fita kan ƙanƙara ba takalmi, a aikinmu ba ita muke rubutawa ba."

Ma'aikaciyar ta tashi ta buɗe firiji, ta duba gadon, ta taɓa bututun ɗumama ɗaki. Ta tambayi haya, Agnes ta miƙa mata takardar ƙungiya mai nuna kuɗin zai ci gaba da zuwa kowane wata, ko Tanis na aiki ko ba ta yi. Ta daɗe a kan wannan fiye da yadda ta daɗe a kan nawa takardun. Sannan ta juya ga Tanis.

"Mijinki ba ya nan yawancin lokaci. In kin gaji, wa kike da shi? Ba a waya ba, a kusa."

In ta ce ba kowa, an rubuta ita kaɗai ce. In ta ce ni, ta ambaci wadda ta jawo mata duk wannan. Na kalli ƙasa. Rosi ta yi atishawa.

"Kokom," in ji Tanis, ta nuna ni da leɓe ba ta dube ni ba. Kaka ke nan a harshensu, kuma ban taɓa jin ta kira ni haka ba. "Ƙofarta na kallon tawa. Kullum da safe tana kawo mini wani abu mai kauri. Ɗanɗanonsa kamar sabulu, amma yana kawo nono."

Agnes ta yi tari don ta ɓoye dariya. Ma'aikaciyar ta yi rubutu mai tsawo, ta rufe fayil, ta ce za ta dawo bayan wata guda. A bakin ƙofa ta ce mini, "Nan gaba ki tashe ta." Na ce in sha Allahu. Ta fita ba komai a hannunta sai jakarta.

Agnes ta raka ta. Na juya zan fita ni ma, sai Tanis ta ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Ban yafe ba tukuna."

"Na sani, 'yata."

"Amma barci nake ji kamar in mutu." Ta jawo kujera da ƙafa har daf da gadon. "Zauna nan. Nan, inda in na buɗe ido zan gan ku."

Ta ɗora mini Rosi a cinya, ta kwanta tana fuskantarmu, yatsanta ɗaya maƙale da gefen zanena. Jim kaɗan ta buɗe ido, ta gan mu, ta rufe. Ta sake buɗewa. A karo na uku na jira, ba ta buɗe ba. Azahar ta yi ta wuce, ƙafata ta dama ta mutu, ƙishirwa ta kama ni ga kofin ruwa can a kan tebur. Ban motsa ba sai da rana ta sauka kan rufin gidaje ta farka da kanta. Na haɗa azahar da la'asar, Allah ya gafarta mini.

Da wata shidan ya cika na dawo gida. Rosi na hannun uwarta. Tanis na turo mini hotonta, ta fara tafiya, kuma an fara barin yayar Rosi ta zo ta kwana wurinsu ƙarshen mako.

Bara Hauwa 'yar ƙanena ta haihu a gidanmu. Na shiga da hantsi na tarar tana barci, yaron na motsi. Na dafa kafaɗarta.

"Hauwa. Hauwa, zan ɗauki yaron, muna tsakar gida."

Yaya Asabe ta leƙo daga ƙofa. "Lalle Rakiya, ƙanƙara ta taɓa ki. Yau na ga mai tashin maijego neman izini!"

Hauwa ko ido ba ta buɗe ba. "Gwaggo, ki kai shi ko kan dutsen Kufena ne, ni dai ki bar ni."

Na tsaya ina kallon yadda ta juya ta ba mu baya, ta saki jiki, ko shimfiɗar ba ta lalubo ba. Ba ta san abin da take da shi ba, ina roƙon Allah kuma kada ta taɓa sani. Na ɗauki yaron na fita, na ja tabarma na zauna daidai inda labulen ɗakinta ya ɗage.